Ragon gidanmu ne na farko a layi

Ni barunje ne ɗan barunje, haihuwar Tawa, amma zamana yanzu Yamai ne, unguwar Bukoki, ina da teburin nama a kasuwa. Duk shekara in babbar sallah ta matso, wadda mu nan muke ce ma tabaski, wayata ba ta hutawa, kowa na neman wanda zai feɗe mashi rago ranar idi, ni kuma fiye da rabin masu kiran haƙuri nike ba su. Abokan sana'a har tsiya suke mani, wai ranar da mahauci ke samun abin da ba ya samu cikin sati biyu ita ce ranar da nike korar mutane. To ba ni na ƙago abin ba, gado na yi, shi ya sa na ce bari in ba da labarin tun daga tushe, ko yaran da ke tasowa cikin sana'ar za su ƙaru.

Shekarar da na fara bin Baba aikin layya 1994 ce. Ba na mantawa don shekarar ce anka karya darajar sefa cikin watan Janairu, kaya sunka yi tsada kowa na kuka, sallar kuma ta faɗo cikin Mayu, wanda ya san Adar, ƙasar su Tawa, cikin Mayu ya san mi nike nufi, ƙasar duwatsu ce, tun hantsi ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Ina ɗan yaro, aikina riƙon ƙafar rago, ɗebo ruwa, da kai tumbi bayan gida in zubar da abin ciki. Baba ba shi da agogo, bai taɓa ɗaura shi ba har ya bar duniya, Allah shi jiƙan shi. Inuwar katanga yake dubi. Kafin inuwa ta shige gindin katanga yana son ragon ƙarshe ya hau sanda, in ya lissafa ya ga wani rago zai wuce lokacin to ba ya karɓar shi ko na wane ne. Na sha ganin manyan 'yan kasuwa sun aiko yaro har gida, Baba ya ce a gaida Alhaji a ce mashi hannuna ya cika. In Inna ta yi magana, don ita hatsin gida take tunawa, sai ya ce "nama bai san Alhaji ba, rana yas sani."

Sai na ɗan yi bayani saboda 'yan uwa na wasu wurare da layyarsu ta bambanta da tamu. Mu nan ba a yanka rago a daddatsa a soye nan take. Feɗe shi ake yi a fidda kayan ciki, a buɗe shi gaba ɗaya a ɗaure bisa sanduna biyu da anka giciya, a kafa shi tsaye, a jera raguna zagaye da babbar wutar itace a ƙofar gida, maƙwabta su haɗa nasu wuri guda. Haka zai yini yana shan wuta a hankali ana juya shi har dare, sai washegari a sauke a yanyanka a yi rabo. Ranar farko kayan ciki kawai mata ke soyawa, yara su babbake kai da ƙafa. To ka ga ragon da ya hau sanda da hantsi da wanda ya hau bayan la'asar ba ɗaya ba ne, na biyun dare zai riske shi cikinsa bai nuna ba, in kuma lokacin zafi ne wajen cinya kusa da ƙashi nan zai fara canza wari, mai shi ya yi asarar kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa. Kuma ba dama ka yi sammako ka rage aiki, don ba a yanka sai an sauko idi liman ya yanka nashi, wanda ya riga liman naman miya ya samu ba layya ba. Kenan aikin gari duka ya taru cikin awa huɗu ko biyar, kowa na son shi ne na farko.

A gidanmu ba a taɓa gardamar wane ne na farko ba. Inna ba ta sa komi bakinta ranar layya sai hantar dabbar gida, da ita take buɗa baki, kamar yadda malamai sunka ce an fi so. Saboda haka da Baba ya dawo daga idi ko babbar riga bai gama cirewa ba sai namu, rago ne ko bunsuru, don akwai shekarun da bunsuru ya samu. Masu jira na jira, amma sai hanta ta isa madafa sannan mu fita. Wata shekara kawuna ya ce mashi wannan rabin awar ita ta fi kowace tsada a yinin, mi zai sa ba ka bar naka sai gobe ba tunda layya kwana uku ce, haka sauran rundawa ke yi. Baba ya ce "macen da tat tashi tun assalatu tana aiki ba ta ci komi ba ita ad da layin hwarko, ɗiyana kuma ba su yini kallon wutar maƙwabta." Daga nan ba a sake tada zancen ba.

Da na tasa, kamar kowane ɗan Adar, sai bida. Abijan na nufa, na shiga gashin cukuya wajen Ajame ƙarƙashin wani dattijo mutumen wajenmu, muna ɗauko nama Porbuwe inda babbar mayanka da kasuwar dabbobi suke a lokacin. Can tabaski daban take, gidajen haya ne ba filin hura wuta, ana yankawa a datsa a zuba firigo, amma cunkoson motoci shi ke cin mutum. Dattijon nan bai yi lakwal ba sai allo, amma yana da ɗan karne, wato ɗan littafi, da yake rubuta sunan kowa da ajami, da unguwarsa da abin da ya ba da na abansi, wato kafin alƙalami, wanda ba ya cikin karne ko ɗan uwansa ne bai san da shi ba. Wajen Baba na ga ƙin karɓar abin da ya fi ƙarfi, wajen dattijon nan na ga rubutu. Ina can Baba ya rasu, ta waya anka gaya mani, ban samu jana'iza ba. Wannan ba na son in tsaya kanshi. Da rikicin zaɓe ya yi tsanani farkon 2011 munka tattaro munka dawo gida, ban zauna Tawa ba sai na wuce Yamai inda ƙanena yake, nan na kafa tebur, nan na yi aure.

Sallar da na fara yi a Yamai cikin Nuwamba ta faɗo, iska ta fara sanyi, nama na iya jira. Amma ko a hakan abin da na gani ya ba ni mamaki, kuma har yau shi nike gani. Ni a ganina ba yawan aiki ke wahalar da mahauci ranar sallah ba, kunya ce. Mutum ya tare ka bakin masallaci saura kwana huɗu, ya gaishe ka ya tambayi iyali ya tambayi mutan Tawa, sannan ya ce ragona fa guda ne tal, minti nawa zai ɗauke ka, kai kuma bakinka ya yi nauyi sai ka ce to in sha Allahu. Shi ya tahi da "to" ɗinsa ya gaya ma matarsa an samu mahauci, kai kuwa cikin ranka ka san ba ka zuwa. Kafin jajibiri ka raba irin wannan in sha Allahu ashirin. Ranar idi sai ka kashe waya, shi kuma ga shi tsaye da rago yankakke cikin rana, ƙuda sun fara taruwa, Hajiya na leƙowa, dole ya kama duk yaron da ya gifta da wuƙa a hannu. Ranar nan kuwa kowa mahauci ne a Yamai, mai gadi, ɗan kabu-kabu, mai wankin mota, ba laifi neman halal ne, amma sai ka ga fata ta sha huji, an fasa maɗaciya bisa hanta, an bar rabin nama jikin fata. Da ka ce mashi a'a tun bakin masallaci, fushin yini guda zai yi ya nemi wani. Wannan kuwa fushin shekara ne, kuma yana da gaskiya.

To ni yadda nike yi. Ranar da anka sanar da ganin watan sallah a rediyo ranar nike buɗe karne, in tura vokal ta WhatsApp ga waɗanda na yi ma bara, duk mai so ya amsa kafin jibi. Wanda ya amsa ya shiga, gurbin da ya rage in ba sabbi, in ya cika na rufe, daga nan duk mai kira sai dai in ba shi lambar wani abokin sana'a da na yarda da hannunsa. Kuma ni ba gida nike ƙidaya ba, wuta nike ƙidaya. Rago biyar da ke zagaye wuta ɗaya sun fi mani sauƙi bisa rago biyu a unguwa biyu, don abin da hanya ke ci ya fi abin da fiɗa ke ci. Wuta uku nike ɗauka, duka tsakanin Bukoki da Lazare da bakin Banifandu, inda moto ba ya minti biyar. Mu huɗu ne, ni da ƙanena da yara biyu, muna rabuwa bibbiyu, in komi na kusa mutum biyu na gama rago daga fiɗa har ɗaurewa bisa sanda cikin rabin awa da 'yan mintoci. Kowa ya lissafa daga tara da rabi zuwa azahar ya ga nawa ke shiga, iyakar abin da nike karɓa kenan.

Wannan "in komi na kusa" ɗin shi ne duk maganar. Saura kwana biyu ko uku nike zagaya gidajen ɗaya bayan ɗaya da yamma, kamar yadda Baba ke yi da ƙafa cikin Tawa. In ga itace da idona, busasshe ne ko ɗanye, in ga sanduna, don wasu sai su sayo siraran da rago mai nauyi zai karya, in ga igiya, in ce a cika bido biyu da ruwa tun dare don ranar sallah pampo na iya yin rowa gari duka na wanki lokaci guda, a haƙa rami na jini da abin tumbi, a tanadi gishiri da tabarma ko leda mai tsabta. In tambayi wa zai yanka, mai gida da hannunsa ko malam za a jira, in malam ne wane malam, gida nawa ke gabanshi. Wallahi lokacin da ke ɓacewa ranar idi mafi yawansa cikin "ina igiya", "a aiki yaro butik", "mai gida ya tsaya gaisuwa filin idi" yake tahiya. Ina duba ragon ma, ido da ƙafa da haƙori, don na taɓa iske wanda anka sayar ma wani malamin lakwal da dare, da gari ya waye ashe gurgu ne sosai, da ba mu gani da wuri ba da ya yanka abin da bai isar mashi ba. Kuɗin aiki ma nan nike yanke shi, kuɗi tsaba, ba fata ba wuya ba, don malamai sun ce ba a biyan mahauci ladansa da wani abu daga dabbar layya, in an gama an ba ka kyauta wannan daban. Ciniki da jini a hannu ba na yin shi.

Na gida kuwa, gaskiya mai ɗakina ta fi ni iyawa, ita ta tsara shi ni dai bi nike. Tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, ita a wajenta babbar sallah tun satin da anka sha ruwa take farawa. Lokacin nike zuwa Turaku, kasuwar dabbobi, in sayo ɗan madaidaicin rago ara-ara ko bali-bali, balami na masu hali ne, ta ɗaure shi bayan ɗaki ta yi ta ba shi dusa da harawa, kafin sallah ya murje. Mutane da yawa jiran daren jajibiri suke wai farashi zai faɗi, wata shekara ya faɗi wata ya hau, a 2025 ma da gwamnati ta hana fidda dabbobi waje kafin sallah kowa ya zauna jiran araha, ni dai ba na iya wannan cacar da daren da ya kamata in yi barci. Yadin yara ma tun lokacin take kai ma tela, kafin shagonsa ya cika a fara ɗauke kuran, wato wutar lantarki, yana rantse-rantse. Yaji ta daka da wuri, mai da albasa ta aje. Kuɗin Inna nike fara turawa Tawa tun ganin wata, don satin ƙarshe layin wajen tura kuɗi sai wanda ya gani, 'yan bida na Libiya da Kodibuwa da Kamaru duk lokacin suke aikowa, ma'aikata kuma in albashi ya faɗo daidai nan kowa ya fito rana ɗaya, tsohuwa ba ta iya wannan tsayuwar.

Akwai abubuwan da na aje gaba ɗaya cikin kwana goman nan. Dillancin raguna akwai kuɗi ciki, kowa na cewa ka san dabba raka ni Turaku, amma rakiya ɗaya yini ce, na bar shi. Fada ma, wajen hira da shayi, ba na zama, 'yan fadarmu sun saba, shayi na farko in na samu na sha tsaye in wuce, don in ka zauna sai na uku kuma na uku sha biyun dare ne. Suna da biki in ba na jini ba ne mai ɗakina ta wakilce ni. Ranar Arfa ina azumi, tebur ina rufe shi da la'asar ko da saura masu saye, in wasa wuƙaƙe, in duba gatari, in cika moto da esans, bayan isha'i na kwanta. Mahaucin da bai yi barci ba yatsansa yake yankewa, na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka abin ba ya da ciwo. Akwai wani Alhaji da ke ɗaukar nama teburina duk sati, mai yawa, shekara guda saura kwana uku ya kira wai raguna shida da sa, can wajen Kwara Kano, kuma da an sauko idi yake so. Na ce Alhaji ka yi mani haƙuri karne ya rufe, ga lambar wane. Ya ce nawa suke ba ka duka in ninka. Na ce ba a nan take ba, mutum goma sha na riga na ce ma to. Bai sake sayen ko rabin kilo wajena ba har yau, kuma na ji a jikina, watannin farko sai da na rage abin da nike ɗaukowa mayanka.

Amma na Alhaji wasa ne bisa na surukai. Surukina Harobanda yake zaune, ƙetaren kogi. Sallar farko bayan aure sai ga saƙo ta bakin mai ɗakina, wai Innarta ta ce a gaya mani Babanta na jirana bayan idi. Duk Bahaushe ya san wannan ba roƙo ba ne, kuma mutumin da ko ido ba ka iya haɗawa da shi ta ina za ka fara ce mashi a'a. Ni kuma na lissafa, daga Bukoki in gangara in hau gadar Kenedi in shiga Harobanda in yi rago biyu in gaisa, don gidan surukai ba ka shiga ka fita kamar ɗan aike, in dawo, wuta ɗaya cikin ukun nan ta mutu kenan, gida biyar. Na kwana ina juyi. Washegari na sayi goro na tahi da kaina, na durƙusa daga bakin zaure, bayan gaisuwa na ce Baba in na zo ranar idi sai bayan azahar, naman ba zai nuna ba, in an yarda mani in zo wanshekare da hantsi in yini nan ina aiki. Ya yi shiru har na fara jin zufa, sannan ya ce shi tun da ya fara layya bai taɓa kai ta rana ta biyu ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Gaskiyarsa, ranar farko ta fi falala. Abin da na yi, akwai wani barunje a can ƙetare da munka san juna mayanka, na same shi na biya shi daga aljihuna na ce gidan nan shi ne na farko wajenka, ni kuma rana ta biyu na je na sauke naman na yanyanka da hannuna. Tsohon bai sake cewa komi ba. Surukata ce abin bai yi ma daɗi ba, sallah biyu gaisuwata sama-sama take amsawa, mai ɗakina kuma ita ta sha magana wajen 'yan uwa, wai kin auri mahauci amma bare ke feɗe ragon ubanki. Ta yi kuka a kai, ban ji daɗi ba. Yanzu an saba, gadoji ma sun zama uku tun 2021, amma har yau in an taru rana ta biyu sai wata gwaggo ta ɗan sako zancen cikin raha.

Ranar kanta ba ta da labari mai yawa in an shirya. Filin idin da ya fi kusa nike zuwa, da an tabbata liman ya yanka sai gida, in yanka namu da hannuna, mu huɗu mu taru kanshi, kafin minti ashirin hanta na hannun mai ɗakina rago na bisa sanda. Waya ina ba babban ɗana, duk wanda ya kira ya ce Baba na aiki. Kowane gida ka shiga sai an kawo fura, an kawo hanta da zafinta, an ce zauna ka ci, nan ma kunya na nan tana jira, ni ruwa nike sha da yawa in ɗauki yanka ɗaya tsaye in ce Allah shi maimaita mana. Zuwa sha biyu hayaƙi ya rufe gari, ido na yaji, kowace kwana ka karya wuta ce da raguna jere. Azahar ta same ni gida ko kusa da gida. In na yi wanka na sa kayan sallah, sauran yinin na ƙofar gida ne da maƙwabta, muna juya nama muna shafa mai da gishiri, yara na zuwa barka da sallah ana ba su 'yan dala-dala. Akwai masu biyowa da la'asar wai mahaucinsu bai zo ba, in maƙwabci ne na kusa ƙanena ya taimaka, in ba haka ba ina ba su shawara su bari sai da safe tunda ba su yanka ba, layya ba ta wuce ba.

Abin da ke damuna yanzu rana ce. Shekarar musulunci ta gaza ta nasara da wajen kwana 11, shi ya sa sallah ke ja baya kowace shekara, sai ta yi wajen shekara 33 ta dawo inda ta taso. Na same ta Yamai cikin Nuwamba, ta bi ta Oktoba da Satumba, 2019 da 2020 ta faɗo tsakiyar damina, lokacin ba rana muke tsoro ba hadari ne, itace jiƙaƙƙe, ana gudu da kwanon rufi ana kare wuta. A 2025 farkon Yuni anka yi ta, shekarun da ke tahe kuma Mayu ne da Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce 40, wato ta koma inda na same ta ina riƙe ma Baba ƙafar rago. Yaran da sunka koyi aikin cikin sanyi da damina ba su taɓa ganin yadda kayan ciki ke juyawa cikin awa guda a irin wannan zafi ba. Ni tuni na rage, da muna kai sha shida, yanzu sha biyu na tsaya, ƙanena bai so ba don rabonsa ya ragu, mun ɗan yi cacar baki a kai, na ce mashi in yana so ya buɗe karnensa ba na hana shi, har yanzu dai bai buɗe ba.

Rana ta biyu da asuba nike sauke namu in yanyanka, mai ɗakina ta kasa na maƙwabta da na mabuƙata yara su kai, ta ɗora kaskon suya, ni kuma in hau moto sai Harobanda. Rana ta uku ta Inna ce. Tikitin kar tun kafin sallah nike sayen shi, don bayan sallah masu komawa gida yawa gare su. Tahiyar wajen kilomita 550 ce, Doso, Dogon Dutsi, Konni, a karya Tsarnawa a miƙe arewa ta Badagishiri, in an fita da asuba ana isa da rana tsaka ko bayan azahar in hanya ta yi kyau. Bokitin soye na bisa cinyata tun daga Yamai don ba na yarda a jefa shi cikin kaya. Inna ta tsufa, haƙora sun ƙare, sai an daka mata naman a turmi, kuma jikokinta na can sun riga sun cika ta da nama tun ranar idi, amma sai ta sa an buɗe bokitin gabanta ta ɗanɗana. Kowace shekara hukuncin ɗaya ne, suyar ta yi, yajin ne dai na mutan Yamai, kimba ta yi kaɗan, a gaya ma matata baɗi ta ƙara.